Goɗiyar da Takarda Ta Ce Ba Ta Son Yashi

Saura wata guda a fara gasar ƙwallo ta kofin duniya mai horar da dawakinmu ya kira ni bakin barga ya ce goɗiyar yayana za ta tafi.

Ba ta yayana ba ce a gaskiya. Ta wani attajiri ce da ban taɓa ganinsa ba sai ta gilashin mota. Amma yayana ne ya karɓe ta ranar da aka sauke ta daga mota tana 'yar ƙarama, shi ya saba mata da linzami, shi ya san inda take so a sosa mata. Da ya rasu aka ba ni ita. Duk ma'aikatan bargar haka suke kiranta, ni ma haka zan kira ta a nan.

Mai horon ya ce an kafa wani sansani a sahara inda za a riƙa kai baƙin ƙwallo, kuma suna neman dawaki masu hankali, masu hasken jiki, waɗanda za a ɗora mutum a kai a ja shi taku goma a ɗauke shi hoto. Ita hurde ce, ta fara komawa fara, ba ta cizo, ba ta harbi. Ya juyo mini da fuskar wayarsa na ga jerin lambobi.

"Duba," ya ce. "Tsere goma, ba ta ci ko ɗaya ba. Nan da mako uku mota za ta zo. Khalas, shi ke nan."

Da Larabcin barga muke magana da shi, wanda rabinsa Turanci ne rabinsa nuni da hannu; mudir muke ce masa, wato shugaba. Na ce masa, "Mudir, a gwada ta a yashi."

"An gwada." Ya sa yatsa a layin ƙarshe. "Tserenta na farko. Yashi. Ta sha biyu cikin sha biyu. Ba ta son yashi."

Ya tafi. Na koma na ci gaba da kwasar kashi.

Mu 'yan wani ƙauye ne a bakin gulbi, arewa da Katsina. Da rani gulbin yakan ƙafe ya bar yashi mai faɗi, a nan ake sukuwa bayan an gama girbi. Babanmu bai taɓa hawa a tsere ba, amma shi ake tambaya wane doki zai ci. Da sassafe yakan ja mu mu bi sawun dawakin da aka yi wa kilisa. Sai ya tsuguna ya nuna mana: ga inda kofaton gaba ya sauka, ga inda na baya ya zo ya wuce shi. In na baya ya wuce na gaba sosai, kuma ramin sawun bai yi zurfi ba, to dokin bisa yashin yake tafiya. In ramin ya yi zurfi gefensa ya rushe, haƙa yake yi, zai gaji kafin a kai tsamiyar da ake juyowa. Yayana ya ɗauki wannan karatu gaba ɗaya. Ni na ɗauki abin da ya zubo daga hannunsa.

Shi ya fara zuwa Doha, bayan shekara uku ya nemo mini aiki a bargar da yake. A filin tseren akwai hanya biyu, ta ciyawa da ta yashi. Ta yashi ba ruwanta da yanayi, ko an yi ruwa ko ana zafi haka take, tarakta ce kawai ke bi ta gyara ta. Manyan tsere a ciyawa ake yi, don haka masu dawaki sun fi son a ga nasu a can. Yayana kuwa yashi yake so, don a nan ne yake iya karanta abin da doki ya rubuta da ƙafarsa.

A ƙasar ba a caca a kan doki, mu ma ba ta ce ta dame mu ba. Muna da wani zaure a waya, mu Hausawan da ke aiki a Doha, masu gadi da direbobi da 'yan barga, 'yan Najeriya da 'yan zangon Ghana. Duk ranar tsere yayana yakan aika saƙon murya. Har yanzu ina jin yadda yake farawa.

"Jama'a, salamu alaikum. Yau yashi ne, ku ajiye abin da kuka gani a ciyawa. Tsere na uku, lamba biyar ya ci sau biyu, na sani, amma na ga yadda yake sauke ƙafar hagu shekaranjiya, ku rabu da shi. Lamba takwas bai taɓa cin komai ba sai harawa, amma an rage masa nisa kuma ƙofar waje ya samu. Wanda ya ƙi ji, shayin Juma'a a kansa."

Mutanen da ba su taɓa taɓa doki ba sai su yini suna musu a kan lamba takwas daga ɗakunan gadi. Abin da muke da shi ke nan na nishaɗi.

Da korona ta zo aka ci gaba da tsere ba 'yan kallo. Kana iya jin numfashin dawaki daga inda kake tsaye. Cikin zafin waccan shekarar yayana ya fara zazzaɓi. Motar asibiti ta ɗauke shi da hantsi, ni kuma aka killace ni a ɗaki tunda tare muke kwana. Mutane sukan so in ce ya bar mini wasiyya a kan goɗiyar. Bai bari ba. Maganarmu ta ƙarshe a kan cajar waya ce, ya ce ya manta tasa, in ba wani direba ya kai masa. Kwana tara bayan nan ya rasu. Aka binne shi a maƙabartar Mesaimeer ina kulle. Abokinsa, wani mutumin Kumasi da ke hawa dawakinmu kilisa da safe, shi ya tsaya a madadina. Allah ya jiƙan yayana.

Zauren waya ya koma na sanarwar aure da rasuwa da neman ɗaki. Ba wanda ya ƙara maganar doki.

To ga abin da takardar mai horo ba ta sani ba. Ita takardar, wadda suke kira fom, tana nuna ranar da doki ya yi gudu, da nisan, da nauyin da ya ɗauka, da na nawa ya zo. Ba ta ƙarya. Amma a tseren farko na goɗiyar ina wurin. A wurin tashi kowane doki da ƙofarsa, ita ƙofa ta ɗaya ta samu, ta jikin shinge. Da aka buɗe ta yi jinkirin fita, irin na sabon shiga, dawaki sha ɗaya suka rufe gabanta, duk yashin da kofatansu ke watsowa a fuskarta ya sauka. Ta ɗaga kai, ta runtse ido, ta daina gudu. Kwana uku yayana yana wanke mata ido da ruwan ɗumi yana fitar da tsakuwa. Ya gaya wa mai horon wancan lokacin cewa ba yashin ƙasa ta ƙi ba, na fuska ta ƙi. Mutumin ya ce za a duba baɗi. Kafin baɗi korona ta zo, yayana ya tafi, shi ma mai horon ya koma ƙasarsu. Wanda ya gaje shi ya tarar da takarda kawai.

Daga nan ciyawa aka yi ta sa ta. Ta huɗu, ta shida, ta biyar, ta bakwai. Kofatonta faffaɗa ne, tafinsa ba kauri, ƙasar ciyawar kuwa tauri gare ta. Duk ranar da ta dawo daga tsere sai ta tsaya tana ɗaga wannan ƙafa tana ajiye waccan, ni kuma in kawo bokitin ƙanƙara.

Shekara biyu na san wannan ban faɗa ba. Ba zan ɗora wa kowa ba. Ɗan barga ba a tambayarsa ra'ayi, gaskiya ne, amma ba shi ya hana ni ba. Duk abin da zai sa in ce "yayana ya ce" guje masa nake yi, don in na fara maganar ba na iya ƙarasa ta. Na bar dabba tana shan wahala don in huta da ambaton mamaci. Da aka ce mota za ta zo ne na ga abin da shiruna ya jawo.

Washegari bayan sallar asuba na tari mutumin Kumasi yana ɗaura majayi. Ɗan siriri ne, ya girme ni, kuma tun da ƙasarsu ta fitar da tamu daga zuwa gasar ba ya bari in sha ruwa.

"Ɗan Najeriya," ya ce, "ka sayi tikiti? Au, na manta, ku kallo kuka zo."

"Babban yaya, magana nake tafe da ita."

Ya dube ni ya daina dariya. Na gaya masa abin da nake so. A bargarmu akwai allo, kowace safiya mai horo ne ke rubuta aikin kowane doki a kai: wannan tafiya, wannan sassarfa, wannan gudu. Sauya abin da ke allon nan laifi ne da ake korar mutum a kansa. An rubuta wa goɗiyar sassarfa zagaye biyu, don kawai kada ta yi ƙiba kafin mota ta zo. Ni kuma ina so gobe, da tarakta ta gama share hanyar yashi, ya zama shi ne na farkon shiga, ya kai ta can gefen waje inda ba kowa, ya sake mata linzami daga kwana zuwa layin ƙarshe.

"Kana so a mayar da ni Kumasi ana saura wata guda a fara ƙwallo?" ya ce. "Kai, 'yan Najeriya da hassada."

"In an tambaya, ni na ce maka mudir ya sauya aiki. Ƙaryar tawa ce."

"Ni yaro ne? Na iya karanta allo." Ya ja majayin ya ƙara rami ɗaya. Can ya ce, "Ni na sa yayanka a rami da hannuna, ka sani. Mu huɗu ne kawai, kowa da takunkumi. Gobe ka kawo ta da wuri."

Na kawo ta da wuri. Gari ya fara haske, tarakta ta fita, yashin ya kwanta layi-layi kamar an taje shi. Ya shiga da ita, ya bi gefen waje a hankali har kwana. Sannan ya sunkuya.

Ban iya kwatanta gudu da kalmomi masu kyau ba. Abin da zan ce shi ne, ban ji ƙarar kofatonta sosai ba. A ciyawa dukan ƙasa take yi. A nan wucewa kawai ta yi, wuyanta a miƙe, kunnuwanta a gaba. Sai da suka wuce layi da nisa ya iya tsayar da ita.

Na tsallake shinge na shiga na tsaya a kan sawun, na buɗe hannuwa. Dawakin sauran bargogi sun fara shigowa, mahaya suna yi mini ihu da harsuna iri-iri in kauce. Ban kauce ba. Na riƙa nuna musu su bi ciki. Wani ya zage ni da Larabci, na gane zagin, na bar masa.

A haka mai horo ya same ni. Ya riga ya gani daga inda yake tsaye da kofin gahawarsa.

"Wa ya sauya allo?"

"Ni ne."

"Kai wane ne?"

"Mudir, ka duba ƙasa tukuna, sannan ka kore ni."

Na tsuguna na nuna masa kamar yadda aka nuna mini. Ga na gaba, ga na baya ya wuce shi. Na sa yatsu a ramin, bai kai gaɓa biyu ba, gefensa a tsaye kamar an yanka da wuƙa. Na kwance igiyar ragama na auna daga sawu zuwa sawu, na ƙulla. Na ja shi zuwa ciki inda ingarman da ya fi ji da shi ya yi gudu a safiyar, na shimfiɗa igiyar a kan nasa sawun. Ƙullin ya wuce. Sannan na gaya masa labarin ƙofa ta ɗaya da ruwan ɗumi. Na ambaci yayana sau uku, muryata ba ta karye ba.

"Sawu ba ya cin tsere," ya ce.

"Takarda ma ba ta gudu."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Mutumin Kumasi, yana bisa goɗiyar a bayanmu, ya yi tari. Mai horon ya dube ni har na fara tunanin yadda zan gaya wa mahaifiyarmu na dawo. Amma shi ma ɗan doki ne, ban taɓa hana shi wannan ba. Ya taka sawun da ƙafarsa yana ƙirgawa. Ya dawo.

"Akwai tsere a yashi mako mai zuwa, na dawakin da ba su taɓa ci ba. Zan sa ta. Sau ɗaya. In ba ta shigo cikin ukun farko ba, mota. Maganarka kuma ba ta ƙare ba."

Ranar Juma'a na je unguwar Al Asmakh, wani tsohon gida da wani direba ɗan Zariya yake tuƙa mana tuwo in an sauko daga masallaci. Tituna duk sun cika da tutocin ƙasashe, an rufe wasu hanyoyin, bas ta yi ta zagaye. Kafin in isa labari ya riga ni, mutumin Kumasi ya baza shi har da ƙari: wai na kama wuyan rigar mudir.

"Ga mai horo ya iso, a ba shi kujera!" in ji mai tuwo.

"A ba shi ta roba, kada ya saba," in ji wani.

Wani dattijo mai gadi a unguwar Al Mirqab, wanda duk muke kira Baba, ya bari aka gama dariya. Sannan ya ce, "Ɗana, tunda ka buɗe baki gaban Balarabe, ka buɗe gabanmu. Shekara biyu ba mu da abin musu sai ƙwallo, ƙwallon ma waɗannan," ya nuna mutumin Kumasi da haɓa, "sun hana mu sakat."

Na ce ban iya ba. Ya ce ba wanda ya ce in iya.

Da jerin dawakin ya fito na zauna da shi a bakin barga lokacin hutun rana. Su sha ɗaya ne. Na san bakwai a cikinsu da ido, don kullum ina ganinsu da safe. Abin da na fara nema shi ne ƙofar da aka ba ta. Ƙofa ta biyu. Ƙuri'a ce, ba wanda ya yi mini mugunta. Na ajiye takardar na je na ba dawaki ruwa, na dawo na sake dubawa, tana nan ƙofa ta biyu.

Sau huɗu ina ɗaukar saƙon murya don zaurenmu ina gogewa. Na biyar na aika. Ban yi ƙoƙarin yin muryar yayana ba. Na ce lamba ɗaya shi takarda ta fi so, ya zo na biyu sau biyu a yashi, kuma yana fita da sauri, da wuya a kama shi. Na ce lamba huɗu yana da gudu amma haƙa yake yi, nisan nan ya fi ƙarfinsa, za ku gan shi gaba har kwana sannan ku neme shi. Na ce lamba tara an sauke masa nauyi, a sa masa ido. Na ce lamba shida tawa ce, don haka kada a yarda da ni. Takarda ta ce ba ta son yashi. Ni na ce tana so. Amma ta samu ƙofar ciki, kuma in aka bar ta a bayan dawaki za ta zo ta ƙarshe kamar da. In aka fitar da ita waje, ku ƙirga da ita.

Ranar tseren bayan la'asar na yi mata wanka, na taje gezarta, na shafa wa kofatanta mai. Ni na ja ta zuwa da'irar da ake zagayawa da dawaki kafin a hau. Jokin, wato mahayin da aka ɗauka don tseren, baƙo ne, bai taɓa hawanta ba. Na ji mai horo yana ba shi umarni a tsakiyar da'irar: ka samu ƙofa mai kyau, ka manne da shinge, kada ka ɓata ƙasa, ka jira hanya ta buɗe. Ga kowane doki wannan shawara ce mai kyau.

A wurin nan ɗan barga ba ya yi wa joki magana. Kana riƙe ragama, kana kallon gabanka, shi ke nan. Aka ɗaga shi bisa sirdi, na ja su zuwa hanyar fita. Tsakanin da'irar da bakin fili akwai tafiyar da ba ta fi minti ɗaya ba. Na yi magana ban ɗaga kai ba.

"Kada ka bi shinge. In yashi ya taɓa fuskarta za ta tsaya. Ka ja ta baya, ka fita waje, ko da za ka zagaya duniya."

"Kai ne mai horo?"

"A'a. Ni ne mai wanke mata ido."

Na saki ragama.

Muna da wurin da 'yan barga ke tsayawa kusa da layin ƙarshe. Mutumin Kumasi ya zo ya tsaya kusa da ni, bai yi tsokana ba. Aka buɗe ƙofofi. Ta fita daidai, jokin ya manna ta da shinge kamar yadda aka gaya masa. Lamba huɗu da lamba ɗaya suka tsallako gabanta, wasu biyu suka rufe gefenta. A babban allon fili na ga kanta ya tashi sama. Na ga ta fara ja da baya, ta takwas, ta tara, ta goma. Na san wannan kallon, na taɓa yinsa, a lokacin akwai wanda ke tsaye a gefena yana cewa "Kash, kash."

Kafin kwana jokin ya yi abin da ya yi. Ko maganata ya tuna, ko hannunsa ne ya gaya masa, ban sani ba. Ya ja ta har ta zama ta ƙarshe, ya karkata ta waje, ya zagaya bayan kowa. Sun shiga miƙaƙƙiyar hanya tana can gefe ita kaɗai, kusan inda ta yi gudu a waccan safiyar. Ta girgiza kai sau ɗaya. Kunnuwanta suka dawo gaba.

Ta fara ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Lamba huɗu ya riga ya gaji, ta wuce shi kamar yana tsaye. Mutumin Kumasi yana dukan kafaɗata yana ihu, "Yalla, hajiya! Yalla!" Ni ban yi ihu ba, shingen na riƙe. Lamba ɗaya ya yi nisa, ba mai kama shi. Lamba tara na biye. Na uku ake nema, tsakaninta da wani jan doki da ke jikin shinge, faɗin fili duka a tsakaninsu, ido ba ya iya raba su. Suka wuce layi.

Muka tsaya muna kallon allo. Ɗaya. Tara. Aka daɗe. Shida.

Na je na kama ta. Fuskarta duk yashi, idonta na hagu na zubar da ruwa, tana huci, amma ƙafafunta huɗu a ƙasa suke daram. Jokin ya sauko ya kwance sirdi, ya ce wa mai horo a gabana, da murya mai ƙarfi, da nufin alheri, "Mutuminka ya yi gaskiya. Da na bi maganarsa tun farko da mun ci."

Mai horo ya ce, "Wace magana?"

Washegari da hantsi ya kira ni ofis. Ya ce ya yi waya da mai dokin, goɗiyar za ta zauna har ƙarshen kakar tsere, yashi kawai, kuma za a saya mata abin rufe fuska mai raga. Sannan ya ce sau biyu ke nan. Allo, da joki. Ya ce in kowane ɗan barga zai riƙa ba da umarni a hanyar fita, to a rufe bargar. Ban musa ba, don gaskiya ya faɗa.

"Ka ce ka yi kuskure, mu wuce wurin."

"Mudir, na karya doka. Wannan na yarda, kuma duk hukuncin da ka yanke na ɗauka. Amma ban yi kuskure ba."

"Abu ɗaya ne."

"A wurina ba ɗaya ba ne."

Da ya ga ba abin da zai ƙara fitowa, ya ce daga yau ba zan sake jan doki zuwa fili ranar tsere ba har kaka ta ƙare. Zan ci gaba da kula da ita a barga, amma wani ne zai kai ta. Na ce to. Ya ce in fita, na fita.

Motar sansanin ta zo a ranar da aka ce, saura kwana kaɗan a fara ƙwallo. An riga an yi musu alkawarin doki, don haka sai da aka ba su. Wani tsohon doki kili aka zaɓa daga ɗaki na ƙarshe, mai sanyin hali, wanda ya yi shekaru yana zuwa na biyar. Mai kula da shi ya tafi hutu gida, ni aka ce in ɗora shi. Na duba kofatansa kafin in ja shi, na tsaya na kalli yadda yake taka ƙasar tsakar barga. Ban ga komai ba. Ban san tserensa na farko ba, ban san wanda ya sani ba. Na sa masa harawa a raga, na gaya wa direban ba ya son a kama masa kunne.

Mai horo yana tsaye a inuwa yana kallona.

"Wannan fa? Ba ka da wa'azi a kansa?"

"Ba ni da shi," na ce. "Da ina da shi da ka ji."